Ɗakin da Ajimi Ya Kama a Dala

Gumsu na tsakiyar guga da hantsi saƙon ya shigo wayarta: "An tabbatar da ɗakinka, Ajimi Mikail. Kwana biyu, daga yau." A ƙasa ga sunan wani otal a unguwar Dala, nan cikin garinsu, ga 'yar taswira mai jan ɗigo.

Shekara uku ke nan da ɓatan yayanta Ajimi. Shi ya saya mata wayar, shi ya saita ta da imel ɗinsa, ita kuma ba ta taɓa samun ƙarfin zuciyar cirewa ba. Duk tsawon lokacin nan in ban da tallace-tallace babu abin da ke shigowa.

Ba ta faɗa wa mahaifiyarsu ba. Ta zare wayar dutsen guga, ta yafa mayafi, ta nufi unguwar Lamisula wajen Tahir.

Tahir abokin cinikin Ajimi ne, tare suke sarin wake. Tare suka fita ranar da Ajimi ya ɓace, shi kaɗai ya dawo, babu takalmi a ƙafarsa. Ya rantse a gaban dangi cewa 'yan bindiga sun tare su a hanya, sun tasa Ajimi gaba da jakarsa da wayarsa. Tun daga nan kowace Sallah sai ya aiko da shinkafa gidansu.

Ta same shi yana jera buhuna, wai yana jiran baƙo daga Kano da zai sauka da la'asar. Ya karanta saƙon sau biyu, ya goge goshinsa da hula.

"'Yan damfara ne, Gumsu. Ki koma gida, ni zan je in duba."

"Tare za mu je, Yaya Tahir."

A cikin keke ta ɗora wayar a cinyarta tana bin shuɗin ɗigo yana rarrafawa zuwa ga jan. Cajinta ya kusa ƙarewa. Ta ce ya buɗe taswirar a tasa, ya ce tasa ta fashe tun wancan mako, tana wajen mai gyara.

Sau biyu yana cewa mai keke ya karya hagu, wai taswirar nan ba ta san lungunan Dala ba. Sau biyu Gumsu na cewa a miƙe. Tana tunanin yadda za ta ga Ajimi. Ko ya rame. Ko kunya ce ta hana shi zuwa gida kai tsaye. Ko kuma wanda ya tafi da shi ne ke zaune a ɗakin, yana shan iskar fanka.

Otal ɗin ƙarami ne, bene ɗaya. A teburin karɓar baƙi akwai wata mata, an rubuta sunanta Phebe a ƙirjin rigarta. Ta duba kwamfuta ta ce lallai an kama ɗaki na tara da wannan sunan, amma baƙon bai iso ba.

"To kin ji," in ji Tahir, ya juya ya fuskanci ƙofa. "Mu tafi."

Gumsu ta dafa teburin da hannu biyu. Ta ce, "Anti, mai wannan sunan shekararsa uku ba a san inda yake ba. Mahaifiyarsa har yau tana ajiye masa abinci."

Phebe ta dube ta, sannan ta rage murya. Ta ce shafin da ake kama ɗaki ba na otal ɗin ba ne, na wani kamfani ne. Sunan ma ba rubuta shi ake yi ba. Duk wanda ke riƙe da wayar da imel ɗin ke ciki, dannawa ɗaya zai yi ya shiga, shafin ya cike sunan da kansa, sau da yawa mutum bai ma lura ba. Lambar waya ce kaɗai ake sakawa da hannu.

"Ba a ba mu izinin bayar da lambar baƙo ba," in ji ta. "Amma ni zan iya kira."

Ta jawo wayar tebur, ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Gumsu ta kafa idonta a kan bakin Phebe, tana jiran muryar da za ta amsa.

A bayanta, daga cikin aljihun rigar Tahir, waya ta fara ƙara.