Ɓaraguzan da Aka Zuba a Kwata

"Ni dai na gaji da tarkacen nan, Baban yara. Ko wurin shanya babu a gidan nan."

Wata tela ce take yi wa mijinta ƙorafi. An rushe tsohon ɗakin bakin ƙofa za a gina mata shago, ta huta da ɗinki a ɗakin kwana. Fasassun bulo da katakon rufi da tsohuwar ƙofa duk sun cika tsakar gida.

Ƙanwar mijin, wadda kowa ke kira Auta, tana zuwa horon masu zanen gini, inda ake koya musu ginin da babu ɓarna a cikinsa, mai jure ruwa da zafi. Ta ce kada a zubar da komai. Bulon a farfasa a cike ƙasan shagon ya ɗara titi tsawo, katakon ya bushe ya yi ƙwari, ƙofar kuwa gugewa kawai take so.

Tela ta yi dariya ta ce, "Haba Auta, sabon shago da ƙofar kakanninku? So kike masu kawo ɗinki su ce mun tsiyace?"

Maginin da aka ɗauko ma ya sa baki, ya ce shi tun Auta tana goye yake gini, ba yarinya ce za ta koya masa ba. Mijin ba ya son hayaniya, sai ya kira masu baro. Su kuma da suka ga bola ta yi nisa, suka juye ɓaraguzan a babbar kwatar bayan layi. Tela ta gani ta kau da kai, tunda dai gidanta ya yi fes.

Aka gina shago daidai da titi, aka shafa fenti. Ta shigar da kekenta da yadukan mutane.

Damina ta kankama. Wata rana bayan la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya tarar da kwata a toshe, ya juyo cikin layi, ya shiga shagon har gwiwa. Tela ta fito da abin da hannunta ya iya ɗauka, ta juya za ta koma ɗauko keke, mijin ya riƙe mata hannu. Yana riƙe da ita bangon ya zube.

Keke ya lanƙwashe, yadukan mutane suka kwanta a laka. Ruwa ya shiga gidajen maƙwabta, kuma kowa ya san ɓaraguzan waye a kwatar. Tela ta zauna a dokin ƙofa tana salati. Da hankalinta ya dawo ta yi wa Allah godiya, tunda dukiya ce ta tafi, ba rai ba. Da safe ta bi gida-gida ta ba da haƙuri.

Auta, Allah ya yi mata albarka, ko sau ɗaya ba ta ce "ai na faɗa miki" ba. Ta zo da malaminsu da abokan karatunta, aka yashe kwatar, aka cike ƙasan shagon da abin da aka tono da bulon da ya zube, aka sake tayar da bangon. Suka buɗe taga ta fuskanci ƙofa don iska ta ratsa, ruwan rufi suka bi da shi cikin tanki. Wani maƙwabci ya ba da tsohuwar ƙofarsa, tela da hannunta ta goge ta. Yayarta ta ara mata keke. Har yau duk sallar da tela ta idar sai ta sa Auta a addu'a.

'Yan uwa, abin da ka zubar bai tafi ko'ina ba, yana bayan gida yana jiran ruwan sama. Kafin a rushe ko a gina, a tambayi waɗanda suka koyi aikin, kuma tsohon kaya ba shara ba ne.

Tela ba ta ɗora wa magini laifin shi kaɗai ba, ta san da nata. Ta same shi yana kwaɓa siminti a wani gida, suka gaisa, ta gaya masa malamin su Auta yana karɓar tsofaffin magina ma.

"Don girman Allah, Baba, ka je horon nan kafin ka sake ɗora wa wani bulo."

Magini ya jingine cebur, ya tambaye ta wace rana ake zuwa horon.