Agogon Bayan Kujera

"Kin sake duba agogo," in ji tsohon, yana hararata. "Tausayin naki na minti hamsin ne, ko?"

A ɗakin ba da shawara, bayan kujerar mai damuwa muke rataye agogo, don mu saci kallo bai sani ba. Shi kam tun ranar farko ya gane. 'Yarsa ce ta tilasta masa zuwa bayan rasuwar matarsa, kuma sati shida ban samu komai ba sai baƙar magana.

"Baba, yaya barci?" na tambaye shi.

"Ni ba ubanki ba ne! Ke da ko furfura ba ki da ita, me kika sani game da kaɗaici? Kawo ruwa in sha in tafi."

Kullum sai ya aike ni ruwa. Na fita raina a ɓace, na rantse yau zan miƙa shi ga wani.

Da na dawo, ƙofar ba ta rufu sosai ba. Sai na hango shi ya sauke agogon, yana murza shi baya da minti ashirin.

Na jira a waje har ya zauna, ya sake ɗaure fuska.