Janar da Ya Ce a Tsare Gidan Rediyo

Tun da ka ce mutanen nan biyu da ke rigima kowannensu ka yi masa alkawarin goyon baya, ƙanena, gyara zama ka ji wani misali.

A wata ƙasa, zamanin da soja ke riƙe da mulki, an yi wani janar wanda duk sojan da ke babban birni a ƙarƙashinsa yake. Shugaban ƙasa abokinsa ne tun suna kurata, kwano ɗaya suka ci a bariki, har janar ya sa wa ɗansa na fari sunansa. Akwai kuma wani kanar, mijin ƙanwar janar, mai zafin zuciya, wanda ya gaji da ganin ana ɗaure mutane ba shari'a. Kanar ya same shi har gida ya ce za su kifar da gwamnati, yana neman goyon bayansa. Janar ya ce Allah ya kai mu. Ba a jima ba shugaba ya kira shi ya ce yana jin ƙishin-ƙishin, ko yana tare da shi? Janar ya dafa ƙirji ya ce sai dai mutuwa ta raba. Kuma a ransa bai ɗauka ya yi wa kowa ƙarya ba. In yana gaban kanar sai ya ga gaskiyarsa, in yana gaban shugaba sai ya tuna amana.

Ranar da abin ya tashi, da hantsi, harbi ya kaure a wajen fadar gwamnati. Wayoyi biyu da ke kan teburin janar suka yi ta ƙara. Ya kai hannu kan wannan ya janye, ya kai kan waccan ya janye. Ya sa hula, ya cire, ya nemi takalminsa alhali yana ƙafarsa. Can ya kira wani kyaftin ya ce ya ɗebi soja ya je ya tsare gidan rediyo. Kyaftin ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe, a tsare wa wa?" Janar ya ce, "Ka dai tsare."

Kyaftin kuwa ya tsare. Mutanen kanar suka zo za su sanar da sabuwar gwamnati, ya hana su shiga. Ɗan aiken shugaba ya zo zai gaya wa jama'a gwamnati na nan daram, shi ma aka kore shi. Wuni guda rediyo ba ta da abin faɗi sai kiɗan badujala. 'Yan kasuwa suka rufe rumfuna, suka buɗe, suka sake rufewa. Sojojin da ke kan shingaye suka rasa wanda za su sara wa, har 'yan bariki ɗaya suka buɗe wa juna wuta, aka yi asarar samari da ba su san a kan me suka mutu ba. Sai bayan la'asar dakarun shugaba suka iso daga wani gari suka murƙushe tawayen.

Kafin a harbe kanar, ya faɗa wa kotun soja cewa janar ya yi masa alkawari ya saɓa. Shugaba kuma bai manta wanda ya sa aka kori ɗan aikensa ba. Aka tuɓe wa janar taurarinsa, aka kai shi kurkuku, bai fito ba sai da furfura. Ƙanwarsa ba ta ƙara taka ƙofar gidansa ba. Masu son gwamnatin shugaba suna kiransa maci amana, dangin waɗanda aka harbe ma haka suke kiransa. In wani ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi shin ran nan bayan wa yake, sai ya ce, "Wallahi ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan."

Ka ga inda Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce taura biyu ba ta taunuwa.