Kwalin Safar Hannu

"Mama, ki saurara da kyau," in ji nas tana zare mata allurar ƙarin ruwa. "Maganin kansar nan yana fita ta fitsari da amai. A jikinki magani ne, ga mai lafiya kuwa dafi ne. Kwana biyun nan ki ware banɗakinki. Ki rufe murfin masai, ki kora ruwa sau biyu. Zannuwanki a wanke su daban. Wanda zai kwashe miki amai ya sa wannan."

Ta miƙa mata kwalin safar hannu. Tsohuwar ta rungume shi kamar an ba ta jariri.

Ba ta taɓa karya dokar ba. Ko jiri na ɗibarta, sai ta dafa bango ta kora ruwan nan sau biyu.

Watanni suka shuɗe, gashinta ya zube. Duk zuwanta sai nas ta tambaya, "Safar ta ƙare, Mama?"

"Ƙaro min, 'yata. Kin san gidan yawa, har rige-rigen jinyata ake yi."

"Wallahi kin ji daɗinki!"

Da ta koma gida ta sa makulli ta buɗe, ta yi sallama. Ɗakunan da 'ya'yanta suka tashi suka bari ba su amsa ba. Ta ɗora sabon kwalin bisa sauran, ko ɗaya ba a ɓare ba. Ta share musu ƙura, ta gyara musu zama daf da ƙofa, inda duk wanda ya shigo zai fara gani.