Bidiyon Da Ya Ƙi Buɗewa

"Karanta min, mi ta ce?" Labbo ya dangwarar da wayarsa gaban Jabir, mai gyaran waya a kasuwar Isa.

"Ta ce burauzarka ta tsufa, Kawu, wato abin da ke buɗe shafi. Shafin nan ba ya aiki da ita."

Tun damina 'yan bindiga suka ɗauke Talha, ɗan Labbo, a gonarsu ta Turba. Jiya aka turo masa wani shafin labarai, aka ce akwai bidiyon mutanen da ke tsare a daji. Shi da uwar yaron abu guda suke so, su ga ko yana da rai.

"To, gyara ta."

Jabir ya sosa ƙeya. "Kawu, da ka bar ta haka nan. Sabis ma babu kirki yau."

"Kai, kar ka raina min wayo! Nan za ni zauna sai ta buɗe."

Jabir ya sabunta burauzar, ya miƙa masa, ya kau da kai.

Ga mutane zaune a ƙasa, an ɗaɗɗaure su. Labbo ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, babu Talha. Sai mai ɗaukar hoton ya ɗaga waya sama. Ga Talha nan tsaye a kansu, ya yi ƙiba, bindiga rataye a kafaɗa, yana dariya.

Labbo ya tura wa Jabir wayar.

"Uwarsa na can gida tana jirana. Mayar da ita yadda take, ta ƙi buɗewa."