Alhajin da Ke Sayen Shara

Ɗan gwangwan na uku ke nan da ya leƙa buhun Malama Kande ya girgiza kai. Shi ƙarfe yake saya, in ji shi, da gorar ruwa da tsohuwar tukunya. Amma matsattsen man goge baki, da buroshin da ya baje, da silifa wari ɗaya, da ƙwan lantarkin da ya ƙone, ko kyauta aka ba shi sai an haɗa masa da ladan dako.

Malama Kande ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare, kuma har ta yi ritaya bakinta bai koyi cewa "na yi kuskure" ba. Ita ce ta miƙe a taron zumuntar mata na cocinsu a Tarauni ta ce za a sake rufin wani gidan marayu a Darmanawa kafin damina, kuma ba za a roƙi kowa sisi ba, da shara za a yi. Yara ashirin da uku ke kwana a ƙarƙashin kwanon nan, wanda bara ya fi rariya zuba. Mata suka yi tafi, suka kwaso duk abin da 'yan gwangwan suka ƙi, suka jibge mata a tsakar gida.

Ɗanta Gideon ya bugo waya daga Abuja ya ce zai aiko da kuɗin kwano. Ta ce ya riƙe abinsa, ita ba bara take yi ba.

Mijinta Iliya, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana da hannun jarirai, duk unguwa an sani. Da ya yi tuntuɓe da buhu karo na biyu, sai ya ce, "Maman Gideon, na auri malama, na wayi gari da sarkin bola." Ya koma kan jaridarsa.

Ana cikin haka, ran wata Asabar, sai ga Ashiru mai a-daidaita-sahu. Ya ce wani Alhaji a Gyadi-Gyadi yana sayen irin kayan nan, kuma ba ya ciniki. Me yake yi da su? Ashiru ya ce shi dai dako aka sa shi. Wannan bai hana Malama Kande bayyana wa mata cewa narka su ake yi a ƙasar waje ba, har da yadda injin yake aiki.

Asabar bayan Asabar Ashiru yana kwasa, kafinta yana buga kwano. Cikin wata guda sharar Tarauni ta ƙare kaf, ko tsohon buroshi babu, har wasu matan suka fara matse man goge bakin mazajensu don su samu abin kawowa. Sai wani bawan Allah ya shiga ajiye mata buhuna a ƙofar gida duk safiyar Litinin, an ware komai, an ɗaure tsaf. Ta ce ai Allah ba ya barin mai gaskiya.

Shi kuwa Iliya sai ƙara tsuke hannu yake. Ya daina sayen jarida, ya daina tsiren yamma. Duk Asabar yana taron 'yan fansho, ya dawo yana dafe da ƙugu yana mita.

Saura ɗakin kwanan yara kawai, sai Ashiru ya zo hannu rabbana, yana sosa ƙeya.

"Mama, Alhaji ya ce a yi haƙuri sai ƙarshen wata."

Hadari kuwa ba ya jiran ƙarshen wata. Ranar Alhamis aka yi ruwan farko. Da Malama Kande ta je Darmanawa ta tarar an shanya katifu a rana, yara sun jera robobi a ɗaki suna kwarfar ruwa, sai kunya da tausayi suka rufe ta. Bakinta ne ya ja wa yaran nan, ta sani, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar Asabar ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci, ta kama zakaran da take kiwo, ta kira Ashiru ta shige bayan kekensa. Ya ce Alhaji ba ya ganin mutane. Ta tuna masa cewa ita ta koya masa baƙi da wasali a aji ɗaya. Ya tayar da keke.

Duk hanya tana bitar roƙon da za ta yi, abin da ba ta saba ba. In ta gaji sai ta koma kan mijinta.

"Ka ga mazan da Allah ya yi, Ashiru. Mutum bai san ni ba, bai san yaran ba. Ni kuwa nawa, ko ƙusa ɗaya bai saya ba."

Ashiru ya ce Allah ya kyauta, ya ƙara wuta.

A wani lungu a Gyadi-Gyadi ya tsaya, ya nuna mata wani shago mai ƙofa a buɗe rabi, sannan ya tuna yana da fasinja a Babban Giji. Malama Kande ta gyara zani, ta rungume zakara, ta kai gwiwa biyu ƙasa a bakin ƙofar.

Babu inji a ciki. Wani dattijo ne cikin singileti, ya ba ta baya, yana juye kayan buhunanta cikin wasu sababbin buhuna yana ɗaurewa. Jin motsi, ya yi magana bai waiwayo ba.

"Ashiru, na sayar da babur ɗina, kuɗin na kan benci, je ka kwaso kayan yau. Waɗannan kuma ka mayar mata ƙofar gida ran Litinin yadda ka saba. Kada ka bari matar nan ta gan ka, ka san bakinta."

A shekara arba'in da aurensu, ranar ce Malama Kande ta fara durƙusa wa Iliya, kuma da zakara a hannu.