Ƙasar Ƙarƙashin Farce

"A duk gidanku mutum ɗaya ne ya dace," in ji likita, ta juyo min da takardar gwajin. Ƙanena ne, mai aikin lambu.

Shekara tara hanjina yana kumburi yana zubar da jini. Na ɗora wa ƙwayoyin cuta laifi, na ɗaura yaƙi da su. Kullum ina goge mariƙin ƙofa, ina tafasa cokula. Shi kuwa, da ƙasa a ƙarƙashin farcensa, ba ya wuce bakin ƙofata sai ya wanke hannu sau uku.

Likita ta ce bangon hanji yana da nasa ƙwayoyin masu gadinsa. Nawa sun ƙare, nasa kuwa maƙil. Za a tace su daga bayan gidansa a zuba min.

"Yaya, ashe ajiya nake miki," ƙanena ya ce, yana dariya har da hawaye.

Bayan wata shida aka sake leƙa cikina da na'ura. Inda a da yake jawur kamar an kankare, ya koma sumul. Na yi tafiyar awa uku a mota ban nemi banɗaki ba.

Jiya ya zo daga lambu, ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙo hannu yana jiran sabulu kamar kullum.

Na dubi baƙin farcen nan. Na kama hannun da hannuwana biyu, na jawo shi ciki.

"Zo mu ci, abincin na hucewa."